Amsa ga malamin da ya ce mara gaskiya ne ke ɓoye suna

Assalamu alaikum Malam,

Tunda a gaban jama'a ka jefo min tambayar nan, na ga gara ni ma in amsa maka a fili kowa ya gani. Cewa ka yi matan nan marubuta na Ingila da nake yawan ambato, na farkon ƙarni na 18, in dai abun kirki suke rubutawa me ya sa suke fitar da littafi babu suna, ai mara gaskiya ne ke ɓuya. Sannan ka ɗora da cewa wa ma ya sani ko maza ne suka rubuta aka jingina musu. Wallahi wannan ta biyun ta fi yi min ciwo, amma bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

A Landan ta wancan zamanin fa ba mata kaɗai ke ɓoye suna ba, abu ne gama-gari. Tun 1695 da dokar neman lasisi kafin a buga littafi ta faɗi, ƙasidu da jaridu suka cika gari, da yawansu ba ka sanin wa ya rubuta. Robinson Crusoe da ya fito a 1719 babu sunan Daniel Defoe a kai, labarin Gulliver na 1726 babu sunan Jonathan Swift. Defoe ɗin ma yana da dalili, a 1703 an kama shi kan wata ƙasida aka saka shi a turu a tsakiyar gari mutane na kallo. To su maza yawanci hukuma suke gudu ko abokan gaban siyasa. Mace tana gudun wannan, sannan tana da wani ƙarin da namiji bai san shi ba, wato da an ji mace ce sai a ajiye littafin tun ba a karanta ba.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, Susanna Centlivre ce ta ba da labarin da kanta a 1707, a gabatarwar wani wasan kwaikwayonta. Wasanta mai suna The Gamester ya fito a 1705 babu suna, ya samu karɓuwa sosai, sai wani ɗan gayu da ya kalle shi sau da dama yana son sa, ya je shagon mai sayar da littattafai zai sayi bugaggen, yana tsaye littafin na hannunsa ya tambaya wai wa ya rubuta ne, aka ce masa mace ce, sai ya yar da littafin ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya ce dama ya riga ya kashe kuɗi da yawa a kansa, kuma da mutanen gari sun sani da wasan bai yi kwana goma ana nuna shi ba. Duba fa Malam, ko harafi ɗaya bai canza a littafin ba tsakanin ɗaukarsa da yar da shi. Ta kuma yi ƙorafin cewa wani wasanta na 1703 an buga shi da haruffan sunan da ba nata ba. In kai ne ita, kana cin abinci da alƙalaminka, za ka yi gaggawar sa suna?

Ga kuma Catharine Trotter, budurwa 'yar shekara ashirin da wani abu, a 1702 ta rubuta littafi tana kare falsafar John Locke daga masu sukarsa, ba ta sa suna ba, kuma a wasiƙarta ga wani abokin hulɗarta ta faɗi dalili, cewa sunan mace zai sa a yi wa irin wannan aiki kallon raini tun kafin a duba hujjarsa. Locke da kansa ya bincika har ya gano ta, ya rubuta mata godiya ya aika mata kyautar littattafai. Wannan ba mai jin kunyar abun da ta rubuta ba ce, so take a yi gardama da hujjarta a ƙyale jinsinta.

Waɗanda suka sa sunan kuma ka ga me ya same su. Eliza Haywood ta yi suna da labarin soyayyarta na 1719, sai ga mawaƙi Alexander Pope a 1728 ya saka ta a waƙarsa ta zambo, bai tsaya kan rubutunta ba, jikinta ya bi da zagi har da jingina mata 'ya'yan gaba da fatiha. Kuma a dokar Ingila ta lokacin matar aure ba ta da dukiyar kanta, abun da ta samu na miji ne, ga dangi da za su ce ta zubar musu da mutunci. Shi ya sa ko Anne Finch, matar babban basarake, da ta fitar da waƙoƙinta a 1713 abun da aka rubuta a bango shi ne wata mace ce ta rubuta, shi kenan.

Batun tsoro kuwa, dan Allah ka karanta labarin Delarivier Manley. A 1709 ta fitar da The New Atalantis babu suna, ta tona asirin manyan 'yan jam'iyyar Whig masu mulki cikin sigar labarin wani tsibiri, har da matar Duke na Marlborough wadda ta daɗe tana aminiyar Sarauniya Anne. A watan Oktoba aka yi kame, aka haɗa da masu bugawa da masu sayarwa, kuma a yadda ita ta ba da labari daga baya, fitowa ta yi ta ce ni ce na rubuta don kar wasu su sha wuya a kanta. An tsare ta, an matsa mata ta faɗi wa ke kawo mata sirrin manya, ta tsaya kan cewa ƙagaggen labari ne, a Fabrairun 1710 aka sallame ta, a 1711 kuma ta karɓi jaridar Examiner daga hannun Swift. Ina ragwantaka a nan?

Yanzu maganarka ta biyu, wai ko maza ne suka rubuta musu. Malam abun da ya faru a zahiri akasin haka ne, maza ne suka riƙa cewa aikin mata nasu ne. Mary Astell, 'yar Newcastle da ta zauna a Chelsea, ta fitar da littafinta kan aure a 1700 babu suna. A bugu na uku, 1706, ta rubuta gabatarwa ta ce labari ya iso mata wai akwai wani mutum da ke cewa nasa ne, har yana cewa asalin rubutun hannun na nan a ɗakinsa. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. A wannan gabatarwar ce ta yi tambayarta da har yau ake maimaitawa, in duk maza an haife su 'ya'ya, ya aka yi duk mata aka haife su bayi? Kuma mun san su ne suka rubuta saboda wasiƙunsu na nan, shari'ar Manley na nan a rubuce, Centlivre daga baya ta riƙa sa sunanta ƙarara, wasanta na 1709 The Busie Body ya fito da sunanta aka yi ta nuna shi sama da shekara ɗari.

Ban ce ɓoye suna ba shi da illa ba, yana da ita, kuma su matan ne suka kwashe ta. Akwai wani littafi na 1696 mai kare mata da aka daɗe ana cewa na Astell ne, sai can daga baya masu bincike suka tabbatar na Judith Drake ne, ka ga mace ta yi aiki an shafe tsawon zamani ana yaba wa wata. Wasu kuma har yau ba a gano su ba.

Abun da ya sa na ɗauki tambayarka da zafi shi ne waɗannan zarge-zargen biyu naka su ne dai nake ji ana yi wa ƙannenmu da ke rubuta labarai a WhatsApp da Wattpad da sunan Ummu wance ko Maman wane, a ce da abun arziki ne da ba ta ɓuya ba, in kuma rubutun ya yi kyau a ce ai namiji ne a bayansa. Yanayinmu da na Landan ta 1705 ba ɗaya ba ne, a wajenmu akwai alkunya ta sakaya suna wadda ba laifi ba ce ko kaɗan, amma na san waɗanda ba alkunya ce ta hana su ba, gudun a kai ƙara wajen miji ne ko baba, ko a ce yarinyar da ta rubuta soyayya ta san maza. In kana da gyara kan abun da suka rubuta ka kawo shi kan rubutun, ni ma zan zauna mu duba tare.

Wassalam,
'Yar'uwarka marubuciya