Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Noma na Jihar Kano kan baƙin tabon mangwaro

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni dillalin kayan marmari ne a Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, ina kuma da ɗan lambu na gado a bayan gari. Bara da bazara aka sauke mini mangwaro daga Binuwai, ɗanye shar, jikinsa sumul. Na biya kuɗin mota, na sallami 'yan dako. Kwana huɗu da ya fara nuna, sai ga ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yayyafa masa tawada. Tabon ya yi ta faɗi yana lotsawa, wani ma ya zubo daga wajen hanci kamar hawaye. Masu tire suka ɗaga suka ajiye. Fiye da rabin kayan a juji ya ƙare.

Mu a kasuwa cewa muke zafin mota ne ya dafa shi. Wani malamin gona da ya zo sayen lemo ne ya ce mini a'a, cuta ce ta funfuna, masana na kiranta antiraknos. Tun itacen yana fure take kama shi, ta lafe a cikin ɓawo ba ta nuna kanta sai ɗan ya fara nuna. Shi ya sa duk ƙwarewar dillali ba zai gane ta a bakin mota ba. Tana kwana a busassun rassa da 'ya'yan da suka faɗi ƙasa, ruwan sama kuma ya fantsama ta daga reshe zuwa reshe. Gwanda da gwaiba da ayaba ma ba ta bar su ba.

Asarata ta wuce, ba ita na kawo ba. Abin da ke damuna shi ne inda ruɓaɓɓen kayan nan ke zuwa. Wasu na kwasarsa su kai gona a matsayin taki. Ga masu sayar da dashe a bakin titi, mangwaron aure da lemo da ayaba, da ƙasarsu a leda, kowa ya saya ya kai lambunsa ba tare da sanin daga ina suka fito ba.

Za a ce Kano busasshiyar ƙasa ce, mangwaronmu da hunturu yake fure, funfuna kuwa danshi take so. Gaskiya ne, kuma wannan ya daɗe yana kare mu. Amma lambunan da ke shan ruwan Tiga da Challawa fa? Da irin da ke jinkiri har damina ta riske shi? Wannan tambaya ce da ma'aikatarka za ta iya samo amsarta, don masu sanin suna nan kusa: ga KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano, ga Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, ga reshen NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ta ƙasa, a Bagauda wanda aikinsa ke nan, ga hukumar NAQS mai sa ido kan shige da ficen tsirrai.

Ba mu manta 2016 ba, lokacin da tsutsar Tuta ta share tumatir a Kadawa. A 2023 funfuna ta cinye cittar Kudancin Kaduna, manoman Kachiya da Jaba suka wayi gari hannu rabbana. Akwai kuma wata funfunar ayaba da ta ɓulla a Mozambik a 2013, wadda idan ta shiga ƙasa sai ta yi shekaru gommai a ciki, kuma a jikin dashe da ƙasar takalmi take tafiya.

Roƙona, ranka ya daɗe, a turo masana 'Yan Lemo a kakar mangwaro mai zuwa, su ɗebi samfuri daga motoci da juji da wajen masu dashe, su faɗa mana wace cuta ce ke shigowa, wacce za ta iya zama a lambunanmu, kuma a wane wata. Sakamakon a karanta shi a rediyo da Hausa. A koya wa masu lambu sassabe matattun rassa da binne abin da ya faɗi, da lokacin da feshi ke da amfani, don yanzu sai tabo ya fito muke feshi, bayan aikin gama ya gama. A kuma ware mana rami a kasuwa inda za a riƙa binne ruɓaɓɓen kaya.

Idan sun tashi zuwa, su zo da sassafe lokacin da ake sauke kaya. Zan ajiye musu kwando guda.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani dillali a 'Yan Lemo, Na'ibawa, Kano