A daina yi mana alkawarin wata uku

Malam Edita, barka da aiki. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista, musamman masu hawa mumbari ranar Lahadi, abin ya daɗe yana ci na a rai.

Tun korona a 2020 da aka kulle majami'u muka koma bin sujada ta waya har yau kamar bamu dawo daidai ba, aikin da mutum ya yi shekara ashirin yana yi sai a wayi gari a ce kwamfuta ta iya, yaranmu suna kwaso tambayoyi a intanet irin waɗanda ko a mafarki bamu taɓa yi wa iyayenmu ba, ka buɗe Facebook wannan ya ce ƙarshen duniya ne ya zo, wancan ya ce nan da wata uku komai zai gyaru in dai ka rubuta amin a ƙasa. To wa zaka bi?

Ni dai na biyun nan ne ke ban haushi, kuma ba yau aka fara ba. A duba littafin annabi Irmiya sura 28. Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashi mutanen Urushalima zuwa ƙasarsa wajen shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, sai wani annabi wai shi Hananiya ya miƙe a gaban jama'a ya ce shekara biyu kacal kowa zai dawo gida, har ya cire karkiyar itacen da ke wuyan Irmiya ya karya. Gaskiya da ina wurin da ni ma na tafa masa, wa ke ƙin labari mai daɗi. Shekarar bata ƙare ba Hananiya ya mutu. Shi kuwa Irmiya wasiƙa ya aika wa waɗanda aka kwashe, ya ce shekara 70 ce fa, su gina gidaje su yi shuka, su yi aure su aurar, su kuma yi wa garin da aka kai su addu'a. Aya ta 11 ɗin nan ta sura 29 da muke manna sitikarta a mota, mai maganar bege da kyakkyawan ƙarshe, kai tsaye bayan maganar shekara 70 ɗin ta zo, kuma jama'a guda aka faɗa wa, da yawansu ma a can zasu tsufa a binne su.

Ban gane wannan da kyau ba sai da aikina ya tafi. Na daina zuwa coci kwata-kwata, ba wai na yi fushi da Allah ba, kunya ce kawai, a miƙo kwandon baiko ka miƙa wa na kusa da kai kana kallon ƙasa. Akwai wani dattijo a ikilisiyarmu, ba fasto bane, ko wa'azi ban taɓa ji ya yi ba, shi ke jera kujeru kafin kowa ya iso. Shi ya lura kujerata ba kowa. Sai ya fara zuwa gidana duk Laraba da yamma, ya zauna ya tambayi yara, wata rana ma ya ga marfin ƙofata yana reto ya ce a miƙo masa sukudireba, in zai tafi ya yi addu'ar da bata kai minti biyu ba. Rannan raina a ɓace na ce Baba, me na yi wa Allah ne? Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba, can ya ce ɗana wannan ta fi ƙarfina, amma Laraba ina nan tafe. Sai daga baya na ji ashe duk tsawon lokacin nan matarsa na kwance ba lafiya.

Ba ina cewa coci babu aibu ba, akwai gulma, akwai ɓangaranci, akwai masu duba takalminka kafin su gaishe ka, duk na gani. Amma roƙona ga fastocinmu, a rage sa wa Allah ranar biyan buƙata, in ranar ta wuce ba a ga komai ba mutane kan ɗauka bangaskiyarsu ce ta kasa, su sulale ba wanda ya sani. Gara a riƙa tambaya wa da wa aka kwana biyu ba a gani ba, a tura mutum takanas.

Na koma sujada yanzu, aikin da na samu bai kai na da ba. Dattijon nan ya ba ni sunan mutum biyu in riƙa dubawa, ɗayan sau uku ina zuwa yana aiko yaro ya ce baya nan, ga takalminsa a bakin ƙofa. Laraba zan koma.

Naku,
Mai karanta ku kullum