A tura ɗaliban injiniya su duba rijiyoyin ƙauyukanmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan matsalar ruwan sha a karkara, da kuma gudummawar da ɗaliban injiniya na jami'o'inmu za su iya bayarwa tun kafin su karɓi takardar kammala karatu.

Abin da ya zaburar da ni shi ne labarin wani ƙauye mai suna San Pablo a ƙasar Belize, can a Amurka ta Tsakiya. A shekarar 2000, Farfesa Bernard Amadei na Jami'ar Colorado ya ziyarci ƙauyen, ya tarar yara suna wuni suna jigilar ruwa daga kogi maimakon zuwa makaranta. Shekara na zagayowa ya komo da ɗalibansa takwas, suka kafa wani famfo wanda ba ya shan mai kuma ba ya buƙatar lantarki, domin ƙarfin ruwan da ke gangarowa daga tudu shi ne yake tura wani kaso na ruwan ta cikin bututu har ya isa gari. Aikin ya ci kimanin dala 14,000, kuma shi ne tushen ƙungiyar injiniyoyi masu aikin sa kai ta Amurka, wato Engineers Without Borders, da aka kafa a 2002. Abin da ya fi burge ni shi ne sun fara duba abin da Allah ya hore wa wurin, sannan suka ɗora aikinsu a kansa.

Mu a yawancin ƙasar Hausa ba mu da irin wannan gangara, amma muna da rana, muna kuma da rijiyoyin burtsatse birjik da aka haƙa suka mutu. A ƙauyenmu akwai famfon tuƙa-tuƙa da aka buɗe da kiɗa da guɗa, ya yi damina uku yana ba da ruwa, daga nan sai ya soma wahalar da mai bugawa, har ya kai ana bugun hannun babu ko ɗigo. Wani makaniki da ya biyo ta garin ya ce robar da ke can ƙasa ce ta cinye, abin da kuɗinsa bai kai na tunkiya ba, amma babu wanda yake da kayan zaro bututun, kuma waɗanda suka haƙa rijiyar ba su sake waiwayo mu ba. Yau awaki ake ɗaurewa a jikinsa. Matanmu sun koma tafkin da shanu ke sha, suna tace ruwan da ɗankwali, wasu su daka 'ya'yan zogale su zuba a randa domin laka ta kwanta. Mu da muka ga yadda kurkunu yake kwantar da magidanci a tsakiyar damina, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013, hankalinmu ba ya kwanciya da wannan tafki, ga kuma amai da gudawa da ke zagayowa da zarar ruwa ya sauka.

A daidai wannan lokaci, kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin kammala digiri a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda take da sashe guda na injiniyancin albarkatun ruwa da muhalli, da Jami'ar Bayero ta Kano da sauransu, kuma da yawa daga cikin kundayen a kan kantar ajiye littattafai suke ƙarewa. Haka nan watannin da suke yi na sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wasunsu a zaman ofis suke tafiya. Me zai hana a haɗa ɗalibai biyar ko shida, ƙarƙashin kulawar malaminsu, a ba su mazaɓa guda su ƙirga famfunan da suka tsaya, su gano ciwon kowanne, su gwada tsabtar ruwan, su gyara wanda zai gyaru, su kuma tsara na hasken rana inda ya dace?

Na san ɗalibi baƙo ne, yau yana nan, gobe ya tafi bautar ƙasa. Don haka kada a ba shi maki sai ya koya wa mutum biyu na garin sauya roba da zaro bututu, kuma an kafa kwamiti mai asusun gyara wanda mata suke ciki, tunda su ne suka fi kowa sanin ranar da famfo ya soma canza hali.

Ina kira ga shugabannin tsangayoyin injiniya, da hukumomin samar da ruwa da tsabtar muhalli a karkara (RUWASSA) na jihohi, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, su zauna su gwada wannan tsari ko da a ƙaramar hukuma ɗaya ce a zangon karatu mai zuwa. Idan suka iso garinmu, masauki da abincin ɗaliban suna wuyanmu.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga karkarar Kano