Auta, Bakinka Nake Ji Wa Tsoro

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, aiki kuma ya zo da sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi, sai ƙafar Babanku da ke motsawa in sanyi ya shigo.

Labari ya iso mini cewa ka fara shan taba. Kada ka tsaya neman wanda ya faɗa. An ce in kun tashi daga aiki kake busa kara biyu ko uku, sannan ka jefa minti a baki kafin ka shiga mutane. Tun da na ji ban yi barcin kirki ba, kuma na san in na kira ka a waya dariya za ka yi ka ce "Haba Umma", shi ya sa na rubuta.

Kowa in zai yi faɗa a kan sigari huhu yake ambata da ciwon daji, kuma gaskiya ne. Ni bakinka nake ji wa tsoro, domin a shekarun da na yi ina aikin jinya na leƙa bakin mashaya ba adadi. Tsakanin haƙori da dasashi akwai wani ɗan lungu siriri. Hayaƙin taba yana rage iskar oksijin a wurin, sai ƙwayoyin cutar da ba sa shiri da iska su samu gidan zama su hayayyafa. Akwai wadda likitoci ke kira Porphyromonas gingivalis. Ita da 'yan uwanta ke tayar da kumburin da ke cin ƙashin da ya riƙe saiwar haƙori. Fararen ƙwayoyin jinin da Allah Ya yi su don su yaƙe su kuwa, tabar ta riga ta kashe musu ƙarfi. Masana sun ce haɗarin ciwon dasashi ga mashayi ya kai ninki biyu na wanda ba ya sha.

Ga abin da ke hana ni barci. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana tsuke ƙananan hanyoyin jini na dasashi. Wanda ba ya sha, in dasashinsa ya kamu, zai ga jini a buroshi ko a asuwaki, ya tashi neman magani. Mashayi sai ya tofar ya ga fari tas, ya ce ai lafiyarsa lau, alhali kamar gara ce a cikin azara. Ƙashin da ya zaizaye kuma ba ya dawowa da kansa.

Ka manta Baffanka? Ka manta Babbar Sallar da aka ajiye masa soyayyen nama ya ture, ya ce a kawo dambu? Ni ya nuna wa haƙorinsa na gaba, ya sa yatsa yana kaɗa shi. Haƙori ne mai kyau, ba rami ba komai, mako na zagayowa ya fita da saiwarsa. Bai cika hamsin ba a lokacin. Har Allah Ya karɓi ransa, da hannun riga yake rufe baki in zai yi dariya.

Ashe abin da ka je koyo Legas ke nan? Ni da na bi ku da asuwaki safe da dare kuna cewa na cika takura, ga shi duk cikinku ba wanda aka taɓa cire wa haƙori. Lokacin bikin Yayarka ka ce ba ka da ko sisi, amma akwai na ƙonawa! Kada kuma ka ce mini ka koma shisha, ita ma taba ce.

Ban gaya wa Babanku ba, ba kuma zan gaya masa ba in ka bari. Ka daina yanzu, Autana, tun ƙashin yana nan. In ka daina ka fara ganin ɗan jini wajen goge baki, kada ka tsorata ka koma, jinin ne ya dawo hanyarsa, ciwon da ya ɓoye ya bayyana. Ka je wurin likitan haƙori a kankare maka dattin da ya daskare a gindin haƙoran, ka faɗa masa gaskiya kana sha. In kuɗi ne matsala zan turo daga na adashina.

Ka kira ni ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka gaya mini ranar da likitan ya ba ka. Allah Ya yi maka albarka, Ya shirya mini kai.

Mahaifiyarka.