Kada a damƙa wa yara makullin kwamfuta gaba ɗaya

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da iyaye 'yan'uwana da suka sayi kwamfuta saboda yara, musamman tun da JAMB ta koma jarabawa da kwamfuta zalla a 2015.

Bara na sayo wata laftof ta hannu don babbar 'yata ta riƙa gwaji. Ba a yi mako uku ba ta daina buɗe kowane shafi a intanet. Na zagi kamfanin layi, na ƙara data, shiru. Ran Asabar na ɗauke ta a kan mashin zuwa wajen mai gyara, ina tsammanin za a ce wani abu ya ƙone. Yaron shagon ya leƙa kusurwar allon ta ƙasa, ya yi dariya, ya ce, "Baba, ai agogonta ne aka mayar baya shekara da shekaru." Ashe idan kwanan wata ya kauce, shafuka masu tsaro ba sa yarda su buɗe. Minti biyu ya gyara, na biya kuɗin da har yau matata ba ta san nawa ba ne. Autana mai shekara tara ne ya yi aikin, wai yana neman inda ake canza hoton bango.

Ban dake shi ba, don laifin nawa ne. Akawun ɗin admin, mai ikon canza komai a kwamfutar, shi na bar musu a buɗe, wato na miƙa wa yaro makullin ɗakin ajiya na tafi kasuwa. Windows, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, tana ba ka damar buɗe wa yara akawun nasu na gama-gari. Da shi za su yi karatu da rubutu, amma canza agogo ko cire manhaja sai an sa kalmar sirrin admin. Wannan kaɗai ya kashe mafi yawan fitinar.

Mai son rufe ƙofar saitin ɗungurungum, idan tasa Windows Pro ce, akwai wani sashe a cikinta mai suna gpedit.msc, inda ake hana shiga Kwanturol Fanel da saitin na'ura. Windows Home ba ta zo da shi ba. A kula kuma, rufewar kan haɗa har da kai mai gidan, sai ka koma ka buɗe. A wayar Android kuwa akwai Family Link, manhajar Google da iyaye ke kula da wayar yara da ita.

Ƙorafina ga masu sayar da kwamfuta ne a garin nan. Su cika maka ita da finafinai da wasanni, amma ba mai ce maka a raba akawun, alhali aikin minti biyar ne. Ko don gyaran da zai dawo musu ne, Allah masani.

Yanzu kalmar sirrin ni da uwarsu kaɗai muka sani. Ita ce ma nake ɗan tsoro, don ba ta iya jure magiyar auta.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Wani uba daga Ƙofar Ƙaura, Katsina