Godiya ga kwamitin da ya rarrabe mana siffofin ingancin manhaja

Zuwa ga malaman kwamitin haɗin gwiwa na ISO da IEC, ƙungiyoyin duniya masu tsara ma'aunan inganci, mai kula da ƙa'idojin haɗa manhaja,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni mai haɗa manhaja ne, ba ku san ni ba, amma aikinku ya fitar da ni daga wani ƙunci da na daɗe a ciki, shi ya sa na ga bai dace in yi shiru ba.

Akwai kalma ɗaya da ta sha jefa ni a rigima da masu ba ni aiki, ita ce "kyau". Wata rana na miƙa wa wata hajiya manhajar ajiye bayanan ma'aikatanta. Duk abin da muka rubuta a takardar buƙatu, manhajar tana yi: tana rajistar mutum, tana lissafin kwanakin hutu, tana fitar da rahoto. Bayan mako guda ta kira ni, ta ce, "Malam, abin nan ba shi da kyau." Na je na zauna kusa da ita da safe, lokacin da kowa ke shiga a tare. Ta danna, allon ya tsaya fari, ta ɗora hannu a kumatu tana jira. A nan na gane cewa mun rubuta abin da manhajar za ta yi, ba mu taɓa rubuta yadda za ta yi shi ba. Laifin nawa ne, domin ban tambaya ba, kuma ban ma san me zan tambaya ba.

Ma'auninku na ISO/IEC 25010 ne ya sa mini tambayoyin a baki. Wanda ya gabace shi, ISO/IEC 9126 na 1991, ya raba ingancin manhaja gida 6. A 2011, da ISO/IEC 25010 ya fito, kuka mayar da gidajen 8: cika aikin da aka nema, sauri da tattalin ƙarfin na'ura, zama lafiya da sauran manhajoji, sauƙin amfani, dogaro, tsaro, sauƙin gyara, da sauƙin ƙaura zuwa wata na'ura. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kuka ciro tsaro daga ƙarƙashin wani babi, inda yake a ɓoye a tsohon tsarin, kuka ba shi matsayinsa shi kaɗai. Wanda duk ya taɓa ganin bayanan mutane sun faɗa hannun da bai dace ba ya san wannan gyara ya yi daidai.

Yanzu kafin in rubuta ko layi ɗaya na manhaja, sai in zauna da mai aiki mu bi gidajen nan. In ya ce yana son sauri, sai in ce cikin daƙiƙa nawa shafi zai buɗe, kuma mutum nawa ke ciki a lokacin? In na'ura ta mutu ana tsakiyar ajiya, me za a tarar in ta dawo? Wa aka yarda ya ga fayil ɗin wani? Amsoshin nan ana iya gwada su, ba kamar "kyau" ba. Haka kuma tsarin ya ba ni bakin bayyana wa mai aiki cewa siffofin nan suna ja-in-ja da juna. Ƙarin matakin tabbatar da mai shiga yana ƙara tsaro, amma yana rage sauƙi. Gara shi ya zaɓa da idonsa a buɗe, da in zaɓa masa a ɓoye.

Gyaran da kuka yi a 2023 ma na yaba, musamman ƙara gida na 9, wato kare rai da lafiyar mutane. Da farko na ɗauka tsaro ya riga ya ƙunshe shi, sai na tuna da Therac-25, na'urar gashin cutar daji da ta zuba wa marasa lafiya hasken gashi (radiation) fiye da kima a Amurka da Kanada tsakanin 1985 da 1987, har wasu suka rasu. Ba ɓarawo ba ne ya kutsa cikinta, kuskuren manhajarta ne. Hana mugu shiga daban, hana manhajar kanta cutar da mutum daban.

Hajiyar nan, mun sake zama da ita da jerin naku a gabanmu, muka cike gibin. Har yau ni ke kula mata da manhajar.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
wani mai haɗa manhaja