Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Zumuntarmu ta Mahauta, Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Sarkin Fawa, iyayenmu dattawa da sauran 'yan'uwa rundawa, ga bayanin abin da ƙungiya ta yi a shekarar da ta ƙare, da kuma abin da ta kasa yi.

An gudanar da tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, sai na watan azumi da aka ɗage.

Maganar kuɗin wata ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Sefa 1000 ne kacal aka ɗora wa kowa, amma mafi yawan sunayen da ke littafin ma'aji babu komai a gabansu tun bayan ƙaramar Sallah. Na bi mutane kwata da asuba, na bi su bakin tukuba da dare a Yelwa, har wani ɗan'uwa ya ce mini na zama mai karɓar haraji. Na san kasuwa ta yi nauyi, domin tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a 2023 man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, ya yi tsada, kuɗin ɗauko dabba daga kasuwar Adumri ya ƙaru, riba kuma ta ragu. Sai dai wannan uzuri bai hana kowa ɗinkin Sallah ba, kuma masu biya a kan lokaci galibi ba su ne masu ƙarfin cikinmu ba.

Daga nan ne matsalar firjin ajiye nama ta samo asali. Masu cewa shugabanni sun yi watsi da aikin ba su yi mana adalci ba. An daidaita farashi, an ba da kafin alƙalami, sannan muka ga cewa yadda wuta ke ɗaukewa a lokacin zafi, firji ba tare da na'urar hasken rana ba asarar nama kawai zai jawo. Abin da ke asusu bai kai ga biyun ba, kuma ba mu yarda mu ci bashi da sunan mutanen da ba sa biyan kuɗin wata ba. Rasit yana hannun ma'aji ga duk mai son gani.

Abu mafi muni ya faru ana saura kwanaki kaɗan Layya. Wani ya kira ɗaya daga cikin dattawanmu, ya ce za a yi taron ƙungiya ta waya, ya roƙe shi ya karanto masa lambobi 6 da suka shigo wayarsa. Da waɗannan lambobi ya ƙwace masa WhatsApp, ya shiga zaurenmu da sunansa da hotonsa, ya riƙa bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa an samo raguna masu araha daga Chadi, mai so ya tura rabin kuɗi. Ya kuma buɗe shafin Facebook da hotunan taronmu na bara. Kafin mu farga mutane da dama sun tura, har da 'yan'uwanmu mazauna Birketiri a Yawunde. Mun kai ƙara wurin jami'an tsaro, tun da dokar ƙasa ta 21 ga Disamba 2010 ta tanadi hukunci kan laifukan intanet, amma har yau ko sefa ɗaya bai dawo ba.

Dole in faɗi abin da ke raina. Wasu daga cikin waɗanda suka tura wa baƙo kuɗi cikin awa guda, su ne na shafe watanni ina bi a kan jaka ɗaya ta kuɗin wata. Kuma da suna zuwa taro, da sun san wannan dattijo ba ya iya rubutu a waya, saƙon murya yake aikawa, ƙungiya kuma ba ta taɓa shiga cinikin rago ba. Mun daina ganin juna ido da ido, shi ya sa ɓarawo ya sami ƙofa a buɗe. Matasanmu da yawa sun ajiye wuƙa sun hau babur, wasu sun gangara Duwala, sunayensu kawai suka rage a zaure.

Alhamdu lillahi, taron zumunci na bayan Babbar Sallah ya wanke mana zuciya. Tun hantsi makaɗan kalangu suka fara, suna kiran kowane gida da kirarinsa na kaka da kakanni, har wani tsoho da aka kawo a kujera ya miƙe ya taka rawa. 'Yan'uwa sun zo daga Marwa da Ngaundare, wasu sun tsallako daga Yola da 'yan dambensu. Da la'asar aka shiga fage, samarin gida suka ɗaure kara suka kare mutuncinmu, aka tashi ba tare da ko cacar baki ba. Iyayenmu mata sun dafa abin da ya wadaci kowa, masu kilishi suka raba wa baƙi guzuri, kuma a zaman dare Sarkin Fawa ya sasanta gidaje biyu da suka daɗe ba sa gaisawa saboda rikicin rumfa. Gudummawar ranar ita ta biya kuɗin asibitin marayu biyu na wani ɗan'uwanmu da ya rasu, Allah ya jiƙansa. Abin mamaki, fuskokin da ban gani ba shekara guda duk sun bayyana da aka sauke tukunya.

Wa'adin shugabanni ya cika, kuma dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990 ta wajabta a sanar da ofishin perfe, wato babban jami'in mulki na yankinmu, duk canjin shugabanci cikin wata biyu, saboda haka zaɓe yana buƙatar halartar kowa a taro mai zuwa. Daga yau ba a biyan kuɗin ƙungiya sai hannu da hannu ga ma'aji, ko ta lambar da aka karanta a taro, kuma kada wanda ya ba wani lambobin da suka shigo wayarsa ko da da sunan Sarkin Fawa aka nema. Masu bashi su zo da abin da ya sawwaƙa. Za a karanta sunayen waɗanda ba su zo ba.

Magatakardan ƙungiya